Muryar Amarya

Lauwali bakanike ya ɗaure fulogi, ya goge hannunsa da tsumma, ya ja tsakin da sai da mai shayin tsallaken titi ya waiwayo.

Babur ɗin dai ba shi da laifi, sabo ne fil, ko ledar kujerarsa ba a ɓare ba. Mai shi ne abin tsaki. Mannir ke nan, maƙwabcin Lauwali, yana tsugune a gindin rumfa ya zuba wa wayarsa ido kamar maye.

Kaf unguwarsu a Tambuwal babu wanda bai san labarinsa ba. Sun yi cacar baki da matarsa Hauwa'u, ta ɗaure kayanta ta hau motar Kebbe, ta ce ta tafi ƙauyen iyayenta, can inda ko sabis babu. Yaji dai ba kanta farau ba. Namiji mai kunya yakan bari zuciya ta huce, ya ɗauki dattijo ɗaya da ɗan goro, ya tafi biko. An zuba ido a ga Mannir ya yi haka. Ina! Sai gogan naka ya ja shanun huɗarsa zuwa kara ya sayar, ga damina a bakin ƙofa, ya dawo yana tura babur.

Turawa fa, ba tuƙawa ba. Mutumin da ko keke yakan kayar da shi a kwata, shi ne wai zai yi doguwar tafiya. Da aka tambaye shi ina, sai ya ce, “Nan gaba kaɗan.”

Lauwali ya so ya kore shi, amma aiki aiki ne. Ya gwada kowane noti, ya ja sarƙa, ya zuba baƙin mai. Mannir ya tsaya masa a ka, wai kada a bar ko ƙwarzane a jikin tanki. Ya sa an haɗa masa sifana da filaya da famfo, da tub na ajiya da kayan faci, duk sababbi, aka naɗe su a buhu. Da Lauwali ya yi masa zancen lamba da takardu kuwa, sai ya kaɗa kai, ya ce ba a buƙata. To, ji fa. Wawa ma ya san akwai shingen jami'ai a hanya.

Ragowar kayan su suka fi ɓata wa Lauwali rai. Jarkoki cike da fetur. Kwalin taba, alhali Mannir bai taɓa sa kara a baki ba. Katin waya tuli guda. A can ƙasan jakar Mannir kuma, da Lauwali ya faki ido ya leƙa, ya ga sabon zane da hijabi, da maganin zazzaɓi, da takalman roba irin na tafiyar ƙasa, ɗaya na namiji, ɗaya ƙarami na mace.

Nan ya gama gane komai. Ashe bazawara ce! Taba da kati na 'yan uwanta ne, a toshe musu baki. Dama kullum in wayar nan ta yi ƙara, da sauri Mannir yake zagawa bayan rumfa, yana magana ƙasa-ƙasa, “To, to, na ji, don Allah a yi haƙuri.” Har ya rame a kanta, idanu sun faɗa. Tir da wannan hali. Yarinyar kirki irin Hauwa'u, wadda ko sallah ba ta wucewa sai ta aiko wa iyalin Lauwali da tuwo, tana can tana jiran biko, shi yana nan yana wa wata kwalliyar babur.

Kafin la'asar labari ya zaga. 'Yan kabu-kabu suka cika rumfar, kowa na jefa tasa.

“Ango, ango! Yaushe za mu sha biki?”

“Ku bar shi,” in ji Lauwali. “Wanga ai ba ya da ta cewa. Shanun da ubanai ya bar mai, ga su nan sun koma ƙarfe.”

Mannir ya ɗora buhun a kariyar babur, ya ja roba ya ɗaure, ya sake kwancewa ya ɗaure. Da aka kira sallah ya ajiye wayar a kan kujerar babur, ya ɗauki buta ya zaga.

Ko minti ba a yi ba ta hau ƙara. Lamba ce tsura, babu suna.

Lauwali ya dubi jama'a, ya kashe musu ido. Yau dai asiri zai tonu a gaban kowa, gobe kuma shi da kansa zai kai labari Kebbe, iyayen Hauwa'u su san irin tarkacen da suka ba 'yarsu.

“Ku yi shiru,” ya ce. “Bari mu ji muryar amarya.”

Ya danna, ya buɗe sautin yadda kowa zai ji. Mannir ya fito da gudu, buta ta faɗi, yana ɗaga hannu yana girgiza kai.

Aka ji iska, da kukan awaki, da dariyar wasu maza daga nesa. Sannan wata murya ta fito a dishe, muryar da duk wanda ke rumfar ya sani.

“Mannir, ni ce Hauwa'u. Mutanen da sunka tare motarmu sun ce ka shigo daji da babur ɗin kai kaɗai, in wani ya ji, gawata za ka ɗauka.”