Baƙin Takalmin Baƙo

Wata Lahadi da la'asar maƙwabta suka cika gidanmu na unguwar Ganou suna kallon wasan talabijin. Labarin sarkin wata duniyar sama ne, yana da na'urar da ke jin maganar kowa.

"Ƙaryar Turawa ce," in ji Baba.

Ƙaninsa Sani mahauci ya tuntsire da dariya. "Wace ƙarya, Yaya? Masu mulkinmu ba sa buƙatar na'ura, maƙwabci ya ishe su."

Ba wanda ya taya shi dariya. Wani baƙo a bakin ƙofa ya sunkuya yana ɗaure igiyar baƙin takalminsa a hankali.

"Yaya sunanka, kamarad?" ya tambayi Sani, da irin kiran da mutanen gwamnati ke yi.

Har yau in na ga irin takalman nan na 'yan leƙen asiri, sai na rage murya.