Tulun Irin Wake da Haƙorin Lantana

Rufe ƙofar nan, Haladu, ka zauna. Ajiye takardar, na riga na ga hoton haƙorin Lantana, na kuma ga yadda kuncinta ya kumbura. Shekara talatin ke nan ina aikin haƙori a asibitin nan, ni na koya maka riƙon allura, yau kuma sai ka saurare ni, don wallahi raina ya ɓaci.

Wani manomi ne ya sami wake mai kyau a wata shekara, fari tas, ƙwaya manya-manya. Ya ware na iri. A garinsu irin wake sai an baza shi a rana kwana uku, a sheƙe, a cuɗe shi da toka, sannan a zuba a tulu a liƙe. Shi kuwa ran nan gaggawa yake yi, yana so ya gama da rumbu ya tafi cin rani. Ya ɗebi waken a tafin hannu ya duba, bai ga huda ko ɗaya ba. Matarsa ta ce, "Malam, ai ba ka shanya ba." Ya ce lafiyayyen wake me zai yi da rana? Ya juye a tulu, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin, ya shafe shi sumul, har ya ja da baya yana yaba aikinsa. Ɓera bai shiga ba, ruwa bai shiga ba. Ashe tun a gona ƙwaro ya yi ƙwai a jikin waken, 'yan mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu. Wata shida suna ƙyanƙyashewa suna ci, babu mai tsawata musu. Kuma ƙwaro ba ya jin kunya, har hancin waken yake ci, daidai inda tsiro ke fitowa. Da ruwa ya sauka mutumin ya dawo ya fasa liƙin, sai gari da wari. Ya tsinci masu dama-dama ya shuka. Kwana goma yana zagaya gona, na maƙwabta har ya yi kunne, tasa kuwa ƙasa ce fayau. Sai da ya yi yawon neman iri gari-gari, kafin ya samu, lokacin shuka ya wuce.

To, kai ne manomin nan. Lantana, yarinya 'yar shekara tara, ta faɗi a bakin rijiya, haƙorin gaba ya karye, saiwarsa ko gama girma ba ta yi ba. Ka sani sarai, don na sha faɗa muku, a ƙarshen saiwar haƙorin yaro akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke gina ta, su ƙara mata tsawo da kauri. Su ne irinmu, ba mu da wani. Ka kuma san baki cike yake da ƙwayoyin cuta, da haƙori ya tsage suke kwarara ciki su manne a bangon ramin saiwar. In suna nan, dafinsu ke hana masu ginin aiki, wasu su tsaya cak, wasu su mutu. Shi ya sa muke wanke ramin a hankali, mu sa magani, mu sallami yaro ya yi mako uku, ya dawo mu tabbata ya tsarkaka, sannan mu rufe. Kai kuwa ka leƙa ka ga ba ruɓa, ka ɗauraye sau ɗaya, ka liƙe a zama guda. Liƙin ma ya yi kyau, na gani, sumul!

Kada ka ce mini uban ne ya roƙe ka, wai garinsu da nisa, mota sai ranar kasuwa. Haba, Haladu! Shi ne likita ko kai? Tausayin da ya kamata ka ji masa shi ne ka dube shi ka ce, "Baba, sai ka dawo." Ka hutar da shi tafiya ɗaya, yanzu ga shi can kan benci da yarinya tana kuka, saiwa ta ruɓe, haƙorin sai cirewa. Kuma ba na nono ba ne da wani zai fito. Da giɓi za ta girma, tana dariya tana rufe baki da mayafi, uban kuma ya yi ta zarya nan shekara da shekaru ana sauya mata na roba.

Ni zan cire shi. Amma kai za ka tashi ka je ka faɗa wa uban da bakinka, ka kuma dubi fuskar Lantana lokacin da kake faɗa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.