Allon Shagon Auta

Mai fenti yana kan tsani, buroshi a hannu, Inna ta ce ya sauko.

"Ba mai goge sunan nan ina numfashi."

 Shagon shayi da gahawan na Auta ne. Ita ta yi shekara huɗu tana fafutukar buɗe shi, ita ta zaɓi kujeru, ita ke ƙone yatsu a jikin inji. Suna kaɗai ta bar wa uwarta, don neman albarka. Inna, wadda ko bihim ba ta sani ba a boko, ta zaro wata 'yar takarda daga jaka: kalmomi biyu na wani yare, da zanen tsuntsu a bakin kofi. Auta ba ta tambayi inda ta samo ba. 'Ya ta gari ba ta tuhumar uwa, ko da za ta kwana a ciki.

Tsohuwar da ke cewa waya aikin banza ce, ita ta matsa a riƙa sa hoton allon a intanet kullum.

Wata biyar da buɗewa sai ga wasiƙa. Wani kamfani a ƙasar waje ya ce sunan nasa ne, tsuntsun ma nasa ne, kuma ya yi musu rajista har a nan. A sauke allo cikin kwana talatin, ko a haɗu a kotu.

Lauyan da Auta ta nema bai ɓoye mata ba. "Suna kamar fili ne, mai takarda ke da shi. Ki canza, ki ba da haƙuri, a wuce wurin."

Dalilin kiran mai fenti ke nan. Ga shi kuma ya naɗe tsaninsa ya tafi.

Auta ta durƙusa a tsakanin tebura. "Inna, don Allah. Rufe ni za su yi."

"Su rufe. Takarda ce za ta ba ni umarni? Mai abu ya zo ya faɗa da bakinsa."

Da wasiƙa ta biyu ta zo, Inna ta sa aka karanta mata sau biyu, ta tambayi wanda ya sa hannu. Aka ce lauya ne. Ta ja tsaki.

Ranar shari'a Inna ta riga kowa shiri, ta sa kayanta mafi kyau, ta zauna inda take ganin ƙofa. Ko awa ba a yi ba alƙali ya gama: a sauke allo, a lalata kofuna da duk abin da ke ɗauke da tsuntsun, a biya diyyar da sai an sayar da injin. Auta ta nemi hawaye ta rasa. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta dubi alƙali ba.

A waje ta kamo hannun rigar lauyan kamfanin.

"Yaro, shi mai kamfanin fa? Yana hanya?"

"Ba ya zuwa ƙaramar shari'a irin wannan, Mama. Ko takardun ban jin ya duba."

Ta saki rigar a hankali.

"To ka ce masa uwarsa ce. Shekara goma sha uku bai ɗaga wayata ba, na zaci in na taɓa masa suna zai zo da ƙafarsa."