Amin ɗin Hadijatu

"Allah ya tsine wa wanda ya fara sa wa ɗana hayaƙi a baki!" in ji Malam Basharu a zaure, gaban masu ta'aziyya.

Daga madafa matarsa Hadijatu ta amsa da amin da ƙarfi. Jiya aka kawo gawar ɗansu Ɗalha zuwa Gwandu daga fadamar Kalgo. Daga sigari ya koma ƙwayar hana gajiya, yana yankan shinkafa ba hutu, har zuciyarsa ta tsaya da lauje a hannunsa.

Da mutane suka watse, Mujtaba, marayan da Ɗalha ya bari, ya shigo da karan sigari. Kakansa ne ya aiko shi ya kunno a murhu, kamar yadda aka saba a gidan. Kafin ya kai zaure wutar ta mutu.

Malam ya daka tsawa: "Ka sake kawo ta haka, ka sha bulala!"

Yaron ya dawo ya sake kunnawa a murhu. Tausayi ya kama Hadijatu.

"Zo nan, angona. Ka riƙa ɗan zuƙa a hanya, ba za ta mutu ba."

Sai ta tuna. A bakin murhun nan, da wannan maganar, ta ceci Ɗalha daga bulala yana ɗan ƙarami.

"Bari, Mujtaba!"

Ya riga ya zuƙa. Ya yi tari, ya yi dariya.

"Kaka, in ƙara?"