Mai Sayen Babur ɗin Auta

Mutumin ya sake dawowa, da baƙar rigarsa ta fata da hular kwanon da ba ya cirewa sai ya shigo tsakar gida. Yaya ta hango shi ta tagar kicin, ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

Babur ɗin yana nan a bakin gareji inda 'yan sanda suka sauke shi. Ja ne jawur, ƙirar Italiya, mai silinda biyu, irin wanda in an tayar da shi kofuna ke rawa a kan tebur. Ƙaninta Auta ya ƙarar da duk abin da ya mallaka a kansa: salansar hayaƙi mai ruri, birki mai kamawa nan take, tayoyin tsere masu faɗi. Ko budurwa bai taɓa lallashi kamar ƙarfen nan ba.

A gefen titin bayan gari aka tsinci Auta da rana tsaka, an fasa masa ƙeya, babu ko ƙwarzanen faɗuwa a jikinsa. Babur ɗin kuwa can nesa aka same shi, a jingine a bayan wani kango. Wanda ya kashe shi, shi ya hau ya gudu. 'Yan sanda ba su wahalar da kansu ba, suka cafke bakaniken Auta, tunda daga garejinsa ya fito a safiyar.

Yaya ta je kurkuku da niyyar tofa masa yawu a fuska. Sai ta tarar da mutum ya rame, idanu sun faɗa, yana jiran hukuncin da kowa ya san ba mai sauƙi ba ne.

"Yaya, ki saurare ni," in ji bakaniken. "A safiyar nan na juya masa giya irin ta 'yan tsere. Kowane babur, ƙasa ake takawa a shiga giya ta ɗaya. Wannan sama ake ɗagawa. Wanda bai sani ba zai taka, ya faɗa ta biyu, babur ya zabura ya mutu. Mu uku muka san haka: ni, da marigayi, da wanda ya sha fama da shi a bakin titin nan har ya gane."

"Me ya hana ka faɗa wa 'yan sanda?"

"In ƙara wa wuyana igiya? Don Allah ko matashin kanki kada ya ji."

Ta kuwa ɗinke bakinta, ta sa babur a kasuwa. A lissafinta, wanda ya kashe rai a kan wannan ƙarfe ba zai iya haƙura da shi ba, zai biyo baya.

Maigidanta ya yi murna da shawarar sayarwar. Ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyi, ko keke bai yarda da shi ba balle wannan aljanin. Yana kan tafiya aka yi rasuwar. Ya dawo yana ɗingishi da ƙunar da janareton masauki ya yi masa a ƙwauri, amma bai bar ta ta yi kuka ita kaɗai ba. Har shagon da mahaifinsu ya bar musu, wanda Auta ya hana kowa sa wa hannu, shi ya ɗauke mata nauyinsa don ta huta.

Masu saye suka yi ta zarya. Kowa ya hau, Yaya ba fuskarsa take kallo ba, ƙafarsa ta hagu take kallo. Kowa ya taka ƙasa, babur ya zabura ya mutu, mai saye ya sauka yana ƙunƙuni cewa injin ya samu matsala.

Wannan mai baƙar rigar ne kaɗai bai taɓa neman hawa ba. Ba ya tambayar farashi. Zai zagaya babur, ya shafa tanki, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa. Rannan ma har cewa ya yi, "A ina aka ce an tsinci babur ɗin nan?" Yaya ta kafe shi da ido. Ita dai ba ta faɗa masa an tsince shi ba.

Yau ya ce a ba shi makulli.

Yaya ta fito da wayarta a dunƙule cikin mayafi, lambar ɗan sandan da ke riƙe da binciken tana kan fuskar wayar. Maigidan, da ya riga ya makara ofis, ya tsaya gabanta kamar yadda ya saba in baƙo ya shigo. Ta ji daɗin tsayuwarsa.

Mutumin ya haye, ya danna maɓallin tayarwa. Injin ya ɗauka da wani gurnani da ya cika gidan, sautin da rabonta da jin daɗinsa tun Auta na raye. Ya matse kuloci. Takalminsa na hagu ya tsaya daidai kan ƙarfen giya, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Yaya ta zuba wa ƙafar ido.

Ya taka ƙasa. Babur ya zabura, ya mutu.

Jikinta ya yi sanyi. Ba shi ba ne. Ta tuna idanun bakaniken, ta ji hawaye na taruwa mata. Mutumin ya sake tayarwa, ya sake takawa, ya sake mutuwa. Ya ƙara, yana zufa, wari na tashi daga injin. Rana ta buɗe, maigidan yana ta duba agogo, ga mai saye na gaskiya zai kuɓuce kamar sauran. Maigidan ya ja dogon tsaki, ya ɗingisa zuwa wajen babur ɗin.

"Haba malam, za ka ƙona kuloci a banza," in ji shi. "Sama ake ɗaga ta, giyar wannan a juye take."