Awarwaron Barcin Hanne

Tun da aka ba malamai mata damar komawa koyarwa daga gida, ajin matata Lantana ba ya buɗewa sai awarwaron lantarki da ke hannun 'yarmu Hanne ya shaida ta yi barci. In ya koma kore, allon bango ya kunnu, ɗalibai arba'in su bayyana. Malamar da ta yi kwana uku ba aji, sallamarta ake yi. Yau ne na uku.

Na rufe shagon ɗinkina da azahar, na saɓa Hanne a kafaɗa ina zagaya tsakar gida har bayana ya ƙage. Awarwaro yana nan ja.

"Baban Hanne, shekara shida ina jiran in koma koyarwa, ashe minshari zan zauna jira?" in ji Lantana.

"To ni zan yi mata barcin?"

Hedimasta ya bugo waya: "Malam, ko a ɗan ba ta maganin tari?" Na kashe wayar.

Hanne ta ji komai. Ta sauka ta kwanta a tabarma, ta runtse ido har fuskarta ta yamutse.

"Baba, na yi barci. Ka ce wa Mama ta daina kuka."

Na duba hannunta. Ja ne har yanzu.