Abin da Kujerar Baba Ta Sha

Muna ɗaga tsohuwar kujerar Baba don keken guragu ya samu wuri, sai ƙwayoyi suka zubo daga cikinta kamar tsakuwa. Maganin rage kitsen jini ne, wanda likita ya rubuta masa don gudun shanyewar ɓarin jiki.

Mama ta durƙusa tana tsincewa. Ko kuka ba ta yi ba, gajiya ta hana ta.

"Kullum ina miƙa maka da ruwa, maigida. Ashe kujera nake jinya."

Baba ya dube ta da rabin fuska. Hannun da ke cusa su a kujerar ba ya motsi yanzu, don haka ita ta sa masa ta yau a baki.

"Haɗiye," in ji ta. "Buɗe in gani."